Kwalabe Shida Daga Randar Inna

Da bakina na raba mahaifina da aikinsa, kuma sai da na ƙetare teku kafin in yi hakan. Mai son labarin bankwana da koke-koken filin jirgi ya nema a wani wuri. Ni abin da ya faru zan faɗa.

Sunana Kulu, a Tudun Wada aka haife ni cikin garin Sakkwato. Babana Malam Sidi masinja ne a wani kamfanin jima da ke bayan gari ta wajen hanyar Wamakko, wanda kowa ke kira Gidan Fata. Turawan Ingila ke da shi. Jar fatar akuyarmu suke jemewa da magungunansu, ba da bagaruwa irin ta majemanmu ba, su ɗaure su aika ƙasarsu. Shekara tara Baba yana sa kakin kamfanin yana hawa keken kamfanin, kuma duk unguwa ba wanda ya kai shi ji da aikinsa. Ko ranar Juma'a sai ya goge keken kafin ya goge takalminsa.

Cikin ayyukansa akwai na kwalabe. Duk farkon wata yakan zo gida da kwalabe shida a ƙaramin akwatin katako. Ni ke wanke su. Shi kuma ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a bakin kowace, ya ɗebo ruwa da moɗa daga randar Inna, ya tace a hankali, ya ɗaga sama ya duba. In ya ga ko ɗigon laka, sai ya zubar ya sake. Ni da na yi boko in rubuta lamba ɗaya zuwa shida da sunan wata, in manna. Na taɓa tambayarsa na mene ne. Ya ce, "Na manya na, can Ingila. Rubuta ki ba ni, Kulu, tambayarki ta cika yawa." Na ɗauka ruwan shan ma'aikata suke dubawa, ban sake bi ta kai ba.

Lokacin kuɗin mai ne, soja ke mulki, kuma sun matsa wa kamfanonin waje su koya wa 'yan ƙasa aiki. Na gama sakandare, na iya tafireta. Baba ya yi ta zarya ofishin manaja har aka sa sunana: wata shida a babban ofishinsu na Ingila, koyon aikin sakatariya. Nasiharsa ɗaya ce: "Ki kama bakinki. Abincinmu na hannun mutanen ga."

Guzuri kuwa Gwaggo Tumba ce ta haɗa mini, ƙanwar Baba. Lambunta yana fadamar da ke ƙasa da kamfanin, inda kwatar Gidan Fata ke zubewa. Ruwan kwatar kore ne mai kumfa, warinsa kan tari mutum tun daga titi. Da shi take ban ruwa, don ba wani. Ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa duk gyambo ne da ba ya warkewa, kullum a naɗe da tsumma. Ta ba ni kilishi da daddawa da albasa 'yan ƙanana, tana ba ni haƙuri wai albasar ta daina girma.

Zangona na farko Landan. Ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatina, ya ɗauki kilishin da yatsa biyu kamar ya ɗauko mushe, ya jefa a kwandon shara. Daddawar ta bi, albasar ta bi. Na ce masa abinci ne, ba guba ba. Ya ce doka ce, ba a shigo musu da abin da zai ɓata musu ƙasa. Na riƙe wannan magana, ban san zan buƙace ta ba.

A tashar jirgin ƙasa ina tsaye ina zage-zage ni kaɗai, sai na ji an ce, "A'a, 'yar Sakkwato, da wa kike faɗa?" Wani mutum ne cikin kwat, Hausarsa ta Kano tas. Ban san sanda na yi dariya ba. Ya tambayi mutanen gida kamar ya san su, ya ce in ba shi jakata ya riƙe in je in karɓo tikiti, layin ba ya son kaya. Na dawo ba shi ba jaka. A ciki akwai rigar sanyin da Baba ya yi wata biyu yana nema a kasuwa, da bargo, da wani matashin fata da ya sa aka ɗinka wa manyan kamfani tsaraba. Ban yi kuka ba. Na zage shi da Sakkwatanci har mutane suka riƙa kewaye ni, na ja akwatina na shiga jirgi da atamfa da mayafi.

Awa huɗu muna tafiya arewa, haƙorana na kaɗawa. Wani tsoho da ke zaune gabana ya miƙo mini rabin burodinsa mai nama a ciki. Na girgiza kai, don ban san naman mene ne ba. Bai ji haushi ba. Ya laluba aljihu ya fito da tuffa, ya goge a rigarsa ya ajiye a gefena, ya ci gaba da karatun jarida. Ita na ci ran nan.

Garin da aka kai ni baƙin bulo ne da ruwan sama, ruwan da ba ya tsayawa kuma ba ya zuba sosai a huta. Kamfani ya kama mini ɗaki a saman gidan wata mata, can ƙarƙashin rufi, in na miƙe sai kaina ya bugi katako. Kwana biyu ta kama ni ina wanke ƙafa a wurin wanke fuska, ta yi ta ihu kamar na yanka mata kyanwa. Babu buta a duk garin, sai kwalbar madara na mayar buta. Rana kuma ba ta fitowa balle in san gabas. Mako guda ina salla ina juyawa kamar mai neman allura, sai matar wani mai kanti ɗan Pakistan ta biyo ni har ɗaki, ta zana mini kibiya da alli a ƙasa. Ba ta jin Turanci sosai, ba na jin yarensu. Ta dafa kaina ta tafi.

Abin da ya fara sa ni kuka a ƙasar zai ba mutum dariya. Hanyar ofis ta bi ta gefen kogi, ta gaban wani tsohon gini da aka rufe da sarƙa. Ran nan iska ta juyo, na ji warin jima, tsohon wari da ya kama bango. Nan take na ga Baba yana shigowa soro da keke, kakinsa na wannan wari. Na tsaya a ruwan sama ina shaƙa ina kuka. Daga baya na ji tsohuwar majemar kamfanin ce. Kotu ta ci su tara saboda sun kashe kifin kogin, ta hana su zuba ruwan jima a ciki. Shi ne suka rufe suka kai aikin Sakkwato.

Ranar farko a ofis an karɓe ni kamar 'yar gwamna. Aka zaunar da ni gaban sabuwar tafireta, aka ce in gyara ɗankwali, in ɗora yatsu, in yi murmushi. Mai hoto ya ɗauka ya ɗauka. Yana fita aka ɗauke tafiretar, aka sauka da ni ɗakin ƙasa inda ba taga, aka nuna mini tsofaffin fayiloli har rufi, wai in jera su bisa shekara. Mako shida ina wannan. Duk Litinin in hau sama in tambayi shugabar masu tafireta yaushe zan fara koyon abin da ya kawo ni. Kullum amsarta, "Ba da daɗewa ba." Ran nan na ce mata in jera takarda ne, a Sakkwato ma akwai takarda, kuma akwai rana. Ta yi ja har kunne. Kashegari, don a rabu da ni, aka tura ni ɗakin gwaji in riƙa buga wa wata mata sakamako.

Misis Doti sunanta, dattijuwa mai furfura da tabarau a wuya, ita ke gwada ruwan duk rassan kamfanin. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ina rigar sanyinki?" Na ce wani ɗan ƙasarmu ya tafi da ita. Da safe ta zo da wata doguwar riga ruwan toka, ta 'yarta, ta rataya a kujerata. Ita ce mutum ta farko a ginin da ta tambayi yadda ake faɗin sunana daidai.

Ita ta bayyana mini amfanin aikin. Ta ce duk shekara daraktoci suna fitar da rahoto ga masu hannun jari da hukuma, su sa hannu. Tun da aka ci su tara kan kogin nan, dole rahoton ya ƙunshi shafi guda kan abin da kowane reshe ke zubarwa, da abin da kamfani ke yi wa mutanen wurin. Ni ban karanta dokar ba, amma ta ce darakta in ya sa hannu a kan ƙarya yana sane, shi da kotu ne. Ta ce, "Hotonki ma a shafin zai fito. Ba su gaya miki ba?" Ba su gaya mini ba. A nan na gane abin da ya kawo ni Ingila.

Kwana uku da fara aiki a wurinta ta aike ni ɗakin ajiya in ɗauko mata wani abu. Ina kunna fitila na gan su a kan kanta, layi-layi. Kwalaben Baba. Ga rubutuna a jiki, ga yadda nake karkata lamba huɗu tun ina firamare. Wallahi kamar na ga 'yan'uwa. Na rungumo biyu na fito da gudu ina cewa, "Misis Doti, ni na rubuta waɗannan! Hannuna ne!"

Ta sa tabarau ta ce, "To zo ki warware mini abin da ya dame ni shekara da shekaru."

Ta kai ni gaban wani zane da ke manne a bango. Zanen Gidan Fata ne daga sama, da ɗigo ja guda shida. Ta riƙa nunawa da biro. Lamba ɗaya bakin kwata, inda ruwan jima ke fitowa. Biyu da uku tsakiyar kwata. Huɗu inda ta shiga fadama. Biyar cikin lambuna. Shida rijiyar ƙauye.

Lamba biyar lambun Gwaggo Tumba ne, ko na maƙwabcinta.

Ta ce, "Wuri shida daban-daban, amma ruwan iri ɗaya ne, duk wata. Ya fi na famfon gidana tsabta. Ba majemar da ke fitar da irin wannan ruwa a duniya. Abin da nake samu a ciki kawai ɗan alamar yumɓu, kamar ya kwana a tukunyar ƙasa. Sau biyu ina rubuta wa na sama, suka ce in gode wa Allah."

Da mai hankali ce ni, da na ce ban sani ba, na koma kan tafireta, na rubuta wa Baba wasiƙa tukuna. Amma ni ce. Na ce, "Ba kamar ba ne. Randar uwata ce. Duk shidan daga randa ɗaya muke cikawa, ni da babana, mu tace da ƙyalle."

Ta zauna a hankali. Ta ce, "Babanki ma'aikacin kamfani ne?"

Na ce masinja ne. Na shiga ba ta labarin koren ruwa, da kumfa, da albasar da ta daina girma, da ƙafafun Gwaggo. Ina magana ina haki.

Ta ce, "Kulu, tsaya. Yanzu na sani, kuma in na sani dole in rubuta. Amma ki yi tunani ko kina so in ce daga bakinki na ji, da sunan wa za ki ambata."

Na ce, "Tunanin me? Rubuta mana! Mutane na ruɓewa a can, ke kina tunani?"

A raina na ga an aika injiniyoyi, an toshe kwata, an kai Gwaggo asibiti, Baba ma a yaba masa don 'yarsa ta tona gaskiya. Shekarata goma sha tara. Misis Doti ta jawo takarda.

Kwana biyar aka kira ni hawa na huɗu, inda ban taɓa zuwa ba. Kafet har bango. Lauyan kamfani, Mista Alan, ya taso da kansa ya ja mini kujera, aka kawo shayi da biskit. Wata mata na gefe tana rubuta duk abin da aka ce. Ya yaba mini, ya ce kamfani na alfahari da masu gaskiya. Ya ce in sake faɗin abin da na gaya wa Misis Doti. Na sake, har da ƙari.

Ya ce, "Wa ke cika kwalaben?"

Na ce ba wannan ne muhimmi ba, muhimmi shi ne ruwan kwata.

Ya ce, "Za mu zo kan kwata. Wa ke cikawa?"

Sai a lokacin na gane inda ya dosa. Na ce, "Ni ce."

Ya yi murmushi. "Ke 'yar makaranta ce a lokacin, ba ma'aikaciyarmu ba. A takardarmu wanda aka ɗora wa aikin shi ne masinja Sidi. Mahaifinki ne ko?"

Na ce sai a tambayi manajan Sakkwato, shi ke karɓar kwalaben da hannunsa, kuma hancinsa lafiya lau yake, ya san yadda ruwan kwatarsa ke wari. Ya ce an tambaye shi, ya turo amsa ta waya cewa bai taɓa sani ba, ya yi matuƙar baƙin ciki. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Shekara da shekaru daraktoci sun sa hannu cewa ruwan Sakkwato mai tsabta ne. In da saninsu, laifi ne babba. In kuwa wani ma'aikaci ne ya yaudare su, to su ma an cuce su ne. Ya turo mini takarda da biro.

Na karanta. An rubuta cewa masinja Sidi, shi kaɗai, ba da umarnin kowa ba, ya riƙa sauya ruwan gwaji da gangan.

Na ce ba zan sa hannu ba. Na miƙe na ce masa kwastan ɗinsu ya zubar mini da albasa don kada ta ɓata musu ƙasa, su kuma sun kwashe dattin da kotu ta hana su zubawa a koginsu sun kai fadamarmu. Na ce in yana son sanin wanda ya yaudari wani, ya zo in kai shi ya ga ƙafar gwaggona. Muryata har waje.

Bai ɗaga murya ba. Ya janye takardar ya ce, "Ba komai. Ba lallai sai kin sa hannu ba. Kin riga kin faɗa gaban shaidu." Ya nuna matar da ke rubutu.

Na ce, "To kwatar fa?"

Ya ce, "Ba mu da wani sakamako da ya nuna akwai matsala a kwatar. Duk abin da muke da shi ruwan randa ne, kamar yadda kika ce."

Na sauko hawa huɗu a ƙafa, don ban ga maɓallin lif ba saboda hawaye.

Mako biyu aka kawo mini takarda cewa na kammala koyon aiki da wuri saboda ƙwazo, ga tikitin komawa. Ko wata uku ban cika ba cikin shida, ban koyi komai ba sai jera fayil. Kafin in tafi Misis Doti ta nuna mini shafin da aka shirya wa rahoton. An cire maganar tsabtar ruwa. An sa layi biyu: an gano kuskure wajen ɗibar ruwan gwaji a reshen Sakkwato, an sallami ma'aikacin da ya yi, ana sake duba tsarin. Ba kwata, ba fadama. A sama kuwa ga hotona, ɗankwali a gyare, yatsu a kan tafireta, haƙora duk a waje.

Ta ce, "Ki yafe mini. Na san yadda suke, ya kamata in fi matsa miki ki yi shiru."

Na ce ko ta matsa ba zan ji ba, kuma gaskiya ce.

Ta jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tebur. Kwalabe shida, sababbi, babu komai a ciki. Ta rubuta adireshin gidanta, ba na ofis ba, ta ce, "In kin samu wanda zai cika su daga wuraren gaskiya, ki aiko mini. Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma zan gwada, zan kuma rubuta abin da na gani." Na ce ga rigar 'yarta. Ta ce in tafi da ita ko don jirgi.

Daga Kano na shiga mota zuwa Sakkwato da akwatin a cinyata. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, ina rushewa. Na sauka Tudun Wada bayan la'asar. Abin da na fara dubawa soro ne. Babu keke. Sai tabon tayarsa a jikin bango, inda ya shekara tara yana jingina.

Inna ta rungume ni, ta ce a kunnena, "Sun amshe keken da kakin, gaban lebura. Sun ce mai ha'inci na. Sati ukku bai hita masallacin Juma'a ba. Kak ki tada mishi zancen."

Na tada. Yana zaune a tabarma bakin ɗakinsa, ya rame, da tsohuwar riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambaya ko manya sun ji daɗin matashin fata. Na ce an sace shi tun a Landan. Sannan na ce, "Baba, ni ce. Ba wani ya kai ƙararka ba. Ni na gaya musu zancen randa."

Ya ce, "Na sani. Wa ad da bakin ga in ba ke ba?"

Na jira faɗa, bai zo ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na ce, "Don mi ba ka ɗebo inda anka ce ba?"

Ya ce, "Na ɗebo. Watan farko da anka ba ni aikin ga, na tahi wuri shida, na cika, na kai ohis. Manaja ya toshe hanci. Ya ce, 'Sidi, wagga ƙazanta za ka aza mini bisa tebur? Ita za a aika ma manya?' Gaban akawu, gaban kowa. Kunya ta kama ni, don gaskiya tai, ba haka anka tashe mu ba. Baƙo ma ba ka ba shi ruwa sai ka duba, balle wanda ka ci abinci hannunai. Wata na biyu na kai na randa. Ya ɗaga ya duba, ya ce madalla."

Na ce, "To ka hwaɗa musu haka mana!"

"Na hwaɗi. Ya ce bai tuna ba. Akawun ma bai tuna ba."

Na ce, "Amma Baba, ka san abin da suka nema cikin ruwan? Ka san bambancin?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ina da hanci, Kulu. Kuma Tumba ƙanwata ta."

Na tashi na ɗauko akwatin na ajiye gabansa, na buɗe, na gaya masa abin da Misis Doti ta ce. Bai taɓa su ba. Ya ce in je in ci abinci.

Zan faɗa tun yanzu don kada wani ya sa rai. Ba a mayar da Baba aiki ba, ba a wanke sunansa ba, kuma bai sake aikin albashi ba har ya rasu. Ba a toshe kwatar ba. Gwaggo Tumba ta bar lambun da ƙafarta ta kasa ɗaukarta. Zamanin soja ne, ba wanda za ka kai wa ƙara a kan kamfanin da manya ke zuwa buɗe masa sabon gini. Ni ma ban sake samun aiki a wurin Bature ba, kuma ban nema ba.

Amma kashegari da hantsi na fito na same shi tsaye a soro, ya sa hula, akwatin a kansa. Ya ce, "Ɗauko biro."

A ƙafa muka tafi, tafiyar da ya saba yi a keke. Bai tambaye ni zane ba, bai tambayi kowa hanya ba. Ya bi ta bayan katangar kamfanin kai tsaye har bakin kwata, inda koren ruwan ke fitowa da kumfa. Warin ya sa na toshe hanci da mayafi. Na miƙa hannu zan ɗauki kwalba, ya buge hannuna.

"Kak ki taɓa shi. Shina cin hwata."

Ya naɗe wando har gwiwa, ya cire takalmi, ya shiga. Ya buɗe kwalba ta ɗaya. Sai na ga hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya fito da farin ƙyallen nan, wankakke, a ninke. Har ya shimfiɗa shi a bakin kwalbar. Ya tsaya haka, ruwan na wuce ƙafafunsa, yana kallon ƙyallen kamar bai san wanda ya sa masa shi a aljihu ba.

Ya cire shi, ya ninke, ya mayar. Ya dulmiya kwalbar har wuya, da kumfar da gashin akuyar da komai. Ya ɗaga ta sama ya duba, yadda ya saba. Ko rana ba ta ratsa ta.

Ya miƙo mini ya ce, "Rubuta. Lamba ɗaya."